Tagar da Na Juya Kudu

Tun da gwiwoyina suka hana ni zuwa kasuwar Mayahi nake jin hirarku fiye da yadda kuke zato, domin ba duk lokacin da na rufe ido a kan tabarma nake barci ba. Na ji kuna shawara a kan bangon nan na ɗakin sama, wanda bulonsa ya sha bamban da na sauran gida, cewa in Allah ya yi mini cikawa za ku fasa shi ku mayar da gilashin da ke wurin a da. Na ji Rabi tana cewa hassada ce ta tashi mutanen gidan Malam Haruna daga gindin tudun nan. Na ji Sa'idu yana cewa yayanku Mutari ne ya tabka kuskure a zane, ni kuma na rufa masa asiri da bulo da siminti. Duka biyun ba haka ba ne, kuma ba zan so in kwanta dama in bar ku kuna zagin wanda ba shi da laifi ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya saba da cokalin gini ne.

Ubana magini ne, ni ma magini ne, ban san wata sana'a ba bayan ita sai noman gero. Abu na farko da ya koya mini ba kwaɓa ƙasa ba ne, ba jera tubali ba ne, hawan tsani ne. Kafin a haƙa harsashin kowane gini mai tsawo, sai ya sa a kafa tsani daidai inda taga ko ƙofar soro za ta zauna, ƙarti biyu su riƙe masa, ya hau har tsawon da idon mai gida zai kai in an gama, ya juya gabas da yamma, kudu da arewa. In ya hango turmin maƙwabci, ko igiyar shanya, ko randar ruwa, sai ya sauko ya ce a rage tsawo ko a juya fuskar ginin. Ba ya jin roƙo a kan wannan. Na ga ya bar wa wani attajiri aikinsa a Tasawa ya ɗauki kayansa ya dawo gida da ƙafa, don mutumin ya ce soronsa ne, inda ya ga dama zai duba. Da ni kaina na zama babba a sana'ar, shekara da shekaru ban taɓa aza tubali a kan tubali ba sai na hau tsani, kuma duk garin nan an san ni da haka, har wasu suna yi mini tsiya suna ce mini Illa mai tsani.

Malam Haruna kuwa, ku ƙanana ba ku san shi ba sai dai kangon gidansa. Ya girme ni da kaɗan, kaciyarmu ɗaya, gonakinmu iyakarsu ɗaya, Yaya Haru nake ce masa har ya bar duniya. Gidansa yana gindin tudun nan ta kudu tun zamanin kakansa. Matarsa Gambo ita ta yi wa ƴaƴana huɗu na farko wankan jarirai, har da Mutari, kuma ita ta zauna da uwarku Ladi kwana arba'in a kowace haihuwa. Mutum ne mara yawan magana. In ya ƙi abu ba ya cewa ya ƙi, sai dai ya yi maka tambaya guda ya tafi ya bar ka da ita.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda Mutari ya dawo daga karatu. Ya yi Yamai, daga nan ya tafi ƙasar Larabawan arewa inda ake da tsaunuka, ya koyo zanen gidaje. Ya zo da kaka, an gama ɗaure dammunan gero, ya shimfiɗa wasu manyan takardu a zaure, ya danne gefensu da takalmansa, ya nuna mini hotunan gidajen da ya gani can, manne a jikin tsauni, ɗaki bisa ɗaki. Na yi dariya na ce mu nan ina muka ga tsauni, ƙasar da in ka tsaya a bakin gari kana hango raƙumi tun yana tafiyar rabin yini. Sai ya kama hannuna ya fito da ni, ya nuna mini tudun nan, gonar gado da muke shuka wake a kanta ba ta ba mu komai sai ƙaiƙayi.

“Baba, wanga shi ne tsauninmu,” in ji shi. “Ba za mu baje shi ba. Gidan ne za shi bi shi.”

Gaskiya zan faɗa muku, tun ran nan gidan ya shiga raina. Ku da kuka girma a ciki ba ku san abin mamakin da yake ba a lokacin. Hawa uku ne, amma ba bene ba ne irin na birni da ake ɗora ɗaki a kan ɗaki. Kowane hawa yana zaune a kan ƙasarsa, ya ja baya ya hau tudu, kamar matakala. Bayan ɗakunan a binne yake cikin tudu, shi ya sa ko da bazara kuke neman mayafi da asuba. An tare rairayi da katangar dutse don kada ya zubo, an yi wa ruwan sama hanya ta gefe har zuwa rijiyar tara ruwa. Bulon na jar ƙasa ne da aka matse a inji da ɗan siminti, rufin ya zarce bango ya yi inuwa, kuma a can sama an bar ƙananan kafofi don zafi ya fita. Duk abin da ubana ya sani a hannu, sai na ga yaron nan ya san shi a takarda, har da lissafinsa. Abu ɗaya ne kawai ban taɓa gani ba: a ɗakin sama ya zana taga mai faɗin bango guda, gilashi tun daga ƙasa har rufi, da baranda a gabanta. Gabas ya fuskantar da ita, don a riƙa ganin fitowar rana a kan Gulbin Kaba da goribarsa.

Nan ne na sa baki, kuma ku riƙe wannan da kyau. Na ce masa duk maginin da ya san ƙasar nan ba ya buɗa baki gabas, domin daga gabas hadari yake tasowa, ruwa da iska da rairayi duk a kan bangon gabas suke sauka, shi ya sa shi muke fara yi wa yaɓe kowace shekara. Na ce damina ɗaya gilashin nan zai yi ya tarwatse a kan ƴaƴansa. Yamma kuma rana za ta gasa ɗakin, arewa tudu ne. Na sa ɗan yatsana a kan takardar na ce ya juya ta kudu, ta can ma ana ganin gulbi inda ya karkata. Ya dubi inda na nuna, sannan ya ɗauki fensir ya goge ya sake zanawa a gabana.

“Ka ga abin da ba a koya muna a lakkwal, makarantar boko, ba,” in ji shi. “Palan ɗin ga, zanen gidan ga, yanzu naka ne da ni, Baba.”

Ban taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba, kuma ina ganin daɗin nan shi ya kai ni ya baro. Ɗan da ya yi karatu har ƙetare ya goge zanensa saboda maganar ubansa wanda ko sunansa da ƙyar yake rubutawa a boko. Na bi majalisa ina faɗa, har mutane suka gaji da ji.

Da sanyi ya shigo aka fara aiki. Mutari ya kawo ma'aikata daga Maraɗi, da wata na'urar awo mai ƙafa uku da suke leƙawa ta ciki, ya naɗa ni mai duba aiki, shi kuma yana zuwa daga Yamai lokaci-lokaci. Ranar haƙa harsashi na fito da tsanin ubana na jingina shi a gindin gawo. Yaran Maraɗin nan suka tambaye ni na mene ne, ga shi ba a ɗaga bango ba tukuna. Na buɗe baki zan faɗa, sai na dubi na'urarsu na dubi tsanina mai ɗaurin igiyar kaba, kunya ta kama ni. Ni, da furfurata, kunyar yara ta kama ni. Na ce ba komai, na ajiye ne kawai. Na ce a raina gobe zan hau. Gobe ta zama jibi, aka zuba harsashi, aka ɗaure ƙarafa, aka zuba ginshiƙai, sai da ginshiƙan ɗakin sama suka tsaya suka bushe sannan na hau, ranar wata Alhamis bayan azahar, da ma'aikata suka sauka cin abinci ba kowa a wurin.

Na jingina tsanin a jikin ginshiƙi na hau, na juya kudu. Na ga gulbi, haka ne, na ga goriba da gawo har iya ganina. Sannan na sauke ido. Gidan Yaya Haru gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙarƙashina kamar an buɗe faifai. Ba turmi kaɗai na gani ba. Na ga murhu da tukunyar da ke kai, na ga zanen Gambo mai ruwan bula a kan igiya, na ga ƙofar kowane ɗaki, na ga makewayi wanda ba shi da rufi, na ga gadon karan da Gambo take kwanciya a tsakar gida, domin ta daɗe tana fama da ciwon ƙirji, ɗaki yana toshe mata numfashi. Wata surukarsu ta fito da ɗaurin ƙirji za ta ɗebi ruwa, na kawar da kai da sauri. Na daɗe a kan tsanin nan kaina a sunkuye, na san abin da ubana zai yi, kuma na san ba wuya ne da shi ba: a kira Mutari a waya a ce masa tagar nan ba za ta zauna nan ba. Amma ni na ce a juya ta. Ni na cika gari da labari. Sai na fara yi wa kaina huɗuba, na ce ai akwai labule, ai za a shuka itatuwa su tare, ai mu ne a gidan ba baƙi ba, wa zai tsaya yana leƙen gidan Gambo. Na sauko na mayar da tsanin gindin gawo, ban faɗa wa kowa ba, ko uwarku.

Bayan kwana biyu Yaya Haru ya hawo tudun da sandarsa, abin da bai yi ba tun da aka fara aiki. Ya gai da ma'aikata, ya shafa bulon ya ce ya yi kyau, ya zagaya ya dubi katangar dutse. Sannan ya tsaya kusa da ni yana kallon ginshiƙan sama.

“Illa, ka hau tsani?”

“Na hau, Yaya.”

“Mi ka gani?”

“Gulbi na gani. Da goriba.”

Ya dube ni, ba da fushi ba.

“To, madalla,” in ji shi. “Allah shi sa a gama lahiya.”

Ya juya ya gangara. A duk tsawon rayuwata da shi wannan ce ƙarya ta farko da na yi masa, kuma ko muryata ba ta yi rawa ba, abin da har yau yake ba ni tsoro game da kaina.

Aka gama gida ana shiga bazara. Motar da ta kawo gilashin daga Maraɗi tafiyar hawainiya ta yi a kan rairayi, mutane suna bin ta a baya suna kallo. Mutari ya yi walima, ya gayyato abokansa na Yamai da Maraɗi, maza da mata, masu Faransanci a baki. Bayan la'asar duk suka hau ɗakin sama suka cika barandar nan, suna nuna gulbi da hannu, suna ɗaga wayoyinsu suna ɗaukar hoto. Ba su yi da mugunta ba, ba su ma san akwai abin da suke yi ba. Ni ina tsaye a bayansu na ga matan gidan Yaya Haru sun ɗaga kai, na ga an kwashe yara, na ga mutum biyu sun kama Gambo daga gadonta sun shigar da ita ɗaki. Kafin a kira magariba tsakar gidan nan ba kowa sai kaji. Wata baƙuwa ta juyo ta ce mini wurin nan akwai kwanciyar hankali, na ce mata haka ne.

Daga ranar abubuwa suka sauya a gindin tudu, kuma duk a kan idona, domin ba abin da tagar nan take ɓoyewa. Suka kafa zana a kewayen makewayi suka rufa masa kara. Yaya Haru da ƴaƴansa suka ƙara wa katanga tsawo sahu uku, da hannunsu, ba su kira ni ba, ni da na gina katangar tun farko. Aikin banza ne, na sani, shi ma ya sani, ko sahu goma suka ƙara tudun ya fi ƙarfinsu. Matan suka mayar da girki cikin ɗaki a tsakiyar bazara, hayaƙi yana fita ta ƙofa. Daka ma sai su ja turmi jikin bangon arewa inda ido ba ya kai. Gidan da nake jin dariyarsa tun ina yaro ya yi tsit. Ni kuwa na sayo labule mai kauri na rataya, na hana yara hawa baranda, na ce na yi maganin abin.

Uwarku ce ta fara faɗa mini gaskiya. Ta dawo daga duba Gambo wata safiya, ta ajiye kwanon da ta kai mata kunu, ba ta zauna ba.

“Malam, Gambo ta bar hita tsakar gida. Cikin ɗaki take kwana take wuni, ga zahi ga hayaƙi. Numfashinta kamar ana jan zarto.”

“Ai na sa labule. Ki ce mata ta hito, ba mai ganinta.”

“Na hwaɗa mata. Ta ce ita ba ta iya kwanciya ƙarƙashin idon mutane, ko a ruhe yake.” Sannan ta ce, “Kai da ba ka gini sai ka hau tsani, ya aka yi wanga ya wuce ka?”

Na daka mata tsawa na ce ba ruwan mace da maganar gini. Shekarunmu da yawa tare, ban taɓa yi mata irin wannan tsawar ba. Ta ɗauki kwanonta ta shige, ba ta sake tayar da maganar ba, amma na san ta gane.

Na sauka da kaina na sami Yaya Haru a zaurensa yana gyaran hauya, don damina ta matso. Na yi ta zagaye-zagaye, na ce masa labulen ba ya ɗaguwa, na ce zan shuka dogon yaro sahu biyu a gangaren, shekara uku sun rufe komai. Yana ji yana ɗaure ƙotar hauyarsa. Da na gama ya ce:

“Labulen naka ne, Illa. Kai ka sauke shi, kai za ka ɗaga shi ran da ka so. In ba kai ba, ɗanka, in ba ɗanka ba, baƙonshi. Sutura tana hannun wani, wagga ba sutura ba ce.”

A nan ya kamata in ce masa na gani tun farko, in roƙe shi gafara, in hau in toshe abin a ranar. Ban yi ba. Na ce a bari damina ta wuce, ba a taɓa bango da ruwa a sama, kuma sai na yi shawara da Mutari. Ban kira Mutari ba. Ina jin nauyin in ce wa ɗana abin da na sa ya goge ya sake zanawa shi ne ya zama masifa. Shi yana can Yamai yana nuna wa mutane hoton gidan, bai san komai ba. Ku ji da kyau, Sa'idu: yayanku bai san komai ba.

Damina ta yi kyau a shekarar, gero ya yi. Da aka gama girbi, wata safiya na ɗaga gefen labulen, sai na ga amalanke uku na shanu a ƙofar gidan Yaya Haru. Ana fito da gadaje, da tukwane, da buhuna. Na ga an ɗora turmi. Na ga an kwance igiyar shanya an naɗe ta. Daga ƙarshe aka fito da Gambo a kan katifa, an lulluɓe ta, ta rame har ban gane ta ba. Babban ɗansu yana da gona a wani ƙauye wajen Hawan Dawaki, can suka nufa, tafiyar da ba ƙarama ba ga mai ciwo. Na gangara tudun nan ba takalmi. Na kama linzamin... ba linzami ba, igiyar san gaba na kama, kamar mahaukaci, na ce ya dakata, yau ɗin nan zan toshe ta, ya ba ni wuni ɗaya.

“Saki igiya, Illa, rana tana yi,” in ji shi. “Can akwai hili, ta kwanta waje ta sha iska ba mai kallonta. Ga makullin zaure, ka riƙa duba mani rumbu.”

Ya ba ni makulli, ya yi mini sallama kamar mai tafiya kasuwa. Uwarku ta bi amalanken Gambo tana kuka har bayan gari.

A ranar na kira Mutari na ce masa zan cire gilashin. Ya yi ta tambaya, ya yi fushi, ya ce gidan zai zama makaho, ya ce wane irin ƙauyanci ne wannan. Na ce masa gilashin yana sa mini ciwon ido. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ita ce ta haifi duk zantukan da kuke yi yanzu. Na sa aka sauke gilashin, na kwaɓa ƙasa da kaina, na jera bulon da na samu, shi ya sa launinsa ya bambanta. Kwana huɗu na yi, ban bar kowa ya taya ni ba. Da na aza na ƙarshe ɗakin ya yi duhu, na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun mutuwar ubana.

Gambo ba ta ga wata damina ba. Ba zan ce ɗakin hayaƙin nan ne ya kashe ta ba, rai na Allah ne, ciwonta kuma tsoho ne. Amma na san bazararta ta ƙarshe a gidan mijinta a kulle ta yi ta, kuma na san dalili. Muka je gaisuwa ni da uwarku. Yaya Haru ya karɓe mu, ya sa aka dama mana fura, ya tambayi kowa da sunansa. Na ce masa na toshe tagar, gida yana nan, rumbu yana nan, ya dawo. Ya ce an gode, amma kabarinta yana nan, shi ma nan zai zauna. Ranar ma ban faɗa masa ba. Mutane sun cika wurin, na ce ba ranar wannan magana ba ce. Mai neman uzuri ba ya rasawa, ni shaida ne.

Sai bayan shekara shida aka aiko cewa jikinsa ya yi tsanani yana nemana. Na hau bayan babur, rairayin hanyar nan ya kusa ƙarasa mini gwiwoyi, na isa da hantsi. Na same shi kwance a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, fili fetal, ba katanga mai tsawo ko ɗaya a kusa. Na sa aka ba mu wuri. Na durƙusa kusa da kansa, ban yi zagaye ba a wannan karon.

“Yaya, ran da ka tambaye ni mi na gani, ƙarya na yi maka. Na ga turmin Gambo. Na ga gadonta. Na ga komi.”

Ya buɗe ido. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na kai kunne.

“Na sani. Ina cikin zaure ran nan ta Alhamis, ta ƙohwa nike hangenka bisa tsani. Na ga ka kau da kai, na ga ka daɗe a sunkuye. Na ce ma Gambo, kwantar da hankalinki, Illa ya gani, gobe za shi zo.” Ya huta. “Kwana biyu ina jiranka. Da ba ka zo ba, na ce bari in tahi in sauƙaƙa mashi, in tambaye shi, shi amsa kawai.”

Ya lalubo hannuna ya riƙe.

“Taga ba ta tashe ni ba, Illa. Da ka ce ka gani, da mun zauna ni da kai mun nemi dabara, ko da ni ne zan juya gidana. Na yahe maka tun tuni. Ita ma ta yahe, ta ce in hwaɗa maka in ka zo da maganar da bakinka. Ka daɗe ba ka zo ba.”

Ya rasu bayan kwana uku, ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, kusa da ita.

To, kun ji. Ba hassada ba ce, Rabi, kada in sake jin kalmar nan a bakinki game da mutanen da suka yi wa ƴan'uwanki wankan jarirai. Mutari, ka yafe mini, na bar ka shekaru ana ɗora maka abin da ba kai ka yi ba. Zanenka na farko gabas ya duba, kuma ba ciwon ido nake yi ba. Na san abin da za ku ce, cewa yanzu ba kowa a gindin tudu sai kango da tumfafiya, wa za a leƙa. Gidan yana da masu shi. Makullin zauren yana cikin akwatina, a ɗaure da jan zare, kuma duk shekara kafin damina ina sa a yi wa bangon gabas ɗinsa yaɓe, ku ci gaba da yi. Jikokin Yaya Haru suna da yawa, wata rana ɗayansu zai zo ya ce a ba shi makullin kakansa, ya kawo matarsa ta kafa turmi a tsakar gidan nan. Ina so ranar da ta ɗaga kai ta dubi tudu, bango za ta gani.

Tsanin ubana yana jingine a ɗakin sama, a jikin bangon da na toshe. Igiyar matakinsa na uku ta saki, ku sa a ɗaure.